Ta Kentucky Ce Ko Ta Pennsylvania? Tarihin Zanen Da Ke Jikin Doguwar Bindigar Amurka

Wani mai karanta wannan shafi, wanda ya ce shi maƙerin fari ne, ya aiko da tambaya bayan ya kalli wani bidiyo a YouTube. A ciki wani Ba'amurke ya buɗe kwali ya fito da kayan bindigar ɗuri a wawwarware: doguwar ƙota ta katako, bututu, kunama, da 'yan ƙere-ƙere na tagulla. Ya harhaɗa su, sannan ya ɗauki ɗan siririn kurfi da 'yar guduma ya shiga yanka zanen ganyaye a jikin tagullar. Mai tambayar na son sanin abin da ya sa mutanen da ke ƙera jiragen yaƙi suka koma wa bindigar toka, da kuma inda wannan zane ya samo asali.

Da farko, ba bindigar toka ba ce irin wadda maharbanmu ke ratayawa ko wadda 'yan bindigar sarki ke bugawa ranar hawan sallah, ko da yake duka ta baki ake ɗura musu albarushi. Cikin bututun tamu sumul yake. Ita kuwa waccan an yi mata tsagi murɗaɗɗe tun daga gindi har baki, wanda ke sa harsashi ya fita yana juyawa, ya miƙe zuwa inda aka auna. Tsawon bututun yakan wuce inci 40, kuma gwanin harbi yakan sami mutum ko barewa da ita daga yadi 200, a zamanin da bindigar soja ba ta da tabbas ko a yadi 100. Don dunƙulen dalma ya kama tsagin nan, sai an naɗe shi da ɗan ƙyalle mai maiƙo kafin a tura shi da sanda. Ƙyallen yana bukatar wurin ajiya, shi ya sa aka fafe wani ɗan rami a gefen gindin ƙota aka yi masa murfi. A kan wannan murfi ne aka yi mafi yawan zanen da muke magana.

Sunan bindigar kansa rigima ne. Duniya ta san ta da bindigar Kentucky, alhali a Pennsylvania aka haife ta. Abin da ya yaɗa sunan waƙa ce. A ranar 8 ga Janairun 1815 rundunar Janar Andrew Jackson ta karya sojojin Ingila a New Orleans. Wani marubuci mai suna Samuel Woodworth ya tsara waƙar yabon maharban Kentucky da suka halarci yaƙin, aka rera ta a dandalin wasan kwaikwayo a New Orleans a 1822, daga baya magoya bayan Jackson suka mai da ita waƙar kamfe a zaɓukan 1824 da 1828. Masana tarihin yaƙin da dama sun ce igwa ce ta fi yi wa Turawan Ingila ɓarna a ranar, amma wa zai tsaya jayayya da waƙar da ta riga ta shiga bakin jama'a? A 1924 Kyaftin John Dillin ya fitar da littafi na farko sukutum a kan bindigar, shi ma ya sa masa sunan Kentucky, sunan ya zauna daram.

Mutanen Pennsylvania ba su haƙura ba. A 1963 gwamnansu William Scranton ya aika wa takwaransa na Kentucky, Bert Combs, takardar ƙalubale, kuma mahaya dawaki ne suka kai ta, kamar a zamanin da. Aka shirya gasar harbi da bindigogin ɗuri tsakanin jihohin biyu don a raba gardama. Pennsylvania ta ci. Sunan dai bai motsa ba. A 2013 Kentucky ta ayyana ta a matsayin bindigar jiha, a 2014 Pennsylvania ta yi haka ita ma, kowacce da sunan da take kiranta. Ni a wannan shari'a ina bayan Pennsylvania ba tare da wata tantama ba. Ko Daniel Boone, maharbin da ya share hanyar shiga Kentucky a 1775, wanda Amurkawa suka saba zana hotonsa da wannan bindiga a hannu, a yankin da yanzu yake gundumar Berks ta Pennsylvania aka haife shi a 1734.

Sai dai a cikin Pennsylvania ɗin ma akwai wata gardamar, kuma ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Labarin da ake gaya wa masu yawon buɗe ido shi ne cewa Martin Meylin, ɗan Suwizalan da ya sauka a yankin Lancaster a 1710, shi ne uban wannan bindiga. Har yau akwai wani ɗan ginin dutse da ake nunawa a matsayin maƙerarsa, ana cewa tun 1719 yake. Akwai kuma wata tsohuwar bindiga mai ɗauke da suna mai kama da nasa da shekarar 1705. Labari ne mai daɗi, amma ƙafarsa ɗaya. Masu bincike da yawa suna shakkar alaƙar bindigar da shi, kuma babu wata doguwar bindiga da aka tabbatar daga hannunsa ta fito. Wadda aka fi yarda ita ce mafi tsufa mai ɗauke da shekara ita ce ta John Schreit na garin Reading, an rubuta mata 1761. Tsakanin 1719 da 1761 akwai shekara 42 da babu shaidar da za a riƙe a hannu. Abin da hankali ya fi kwanciya da shi shi ne ba mutum ɗaya ya ƙirƙiro ta ba. Maƙera 'yan asalin Jamus sun zo da gajeriyar bindigar farauta mai faɗin baki ta ƙasarsu, suka yi ta ƙara mata tsawo suna rage mata baki sannu a hankali, saboda albarushi da dalma suna da tsada ga mai shiga daji na watanni.

In ana son wurin da takarda da ƙarfe suka yi shaida tare, sai a je Christian's Spring, wani ƙaramin matsuguni na 'yan ɗarikar Kirista ta Morabiya kusa da Nazareth ta Pennsylvania. Mutane ne masu rubuta komai, har kayan da ke cikin maƙera. Abin mamaki, ɗarika ce da ba ta son yaƙi. Andreas Albrecht, wanda aka haifa a 1718 kusa da Suhl, garin maƙeran bindiga na Jamus, ya iso Amurka a 1750, ya koyar da yara kiɗa, ya kuma koyar da ƙira. Cikin yaran da ya horar akwai Christian Oerter, wanda ya karɓi ragamar maƙerar a 1766 yana ɗan shekara 19, ya rasu a 1777 bai wuce talatin da haihuwa ba. Oerter yakan tsaga katako da ɗan kurfi ya cusa siririyar wayar tagulla ko ta azurfa, ta yi ta lanƙwasa kamar reshe mai yaɗo, sannan ya yanka sunansa da sunan garin da shekara a saman bututu. Ɗaya daga cikin bindigoginsa na 1775 wani hafsan Ingila, George Hanger, ya tafi da ita gida, yanzu tana cikin kayan masarauta a fadar Windsor. Wata kuma, ita ma ta 1775, an sace ta a 1971 daga akwatin gilashi a wurin tarihi na Valley Forge. Shiru kake ji har 2018, lokacin da wani dillalin kayan tarihi ya saye ta a wani gwanjon tarkace, ya gane abin da ya saya, ya miƙa ta ga hukuma. A 2019 aka mai da ita ga masu ita, aka kai ta gidan tarihin juyin juya halin Amurka a Philadelphia. Sunan da saurayin nan ya yanka da hannunsa shi ya fallasa ta bayan shekara 47.

A zamanin Albrecht murfin ramin ƙyallen na katako ne, ana zare shi, kamar yadda ake yi a Jamus. Murfin tagulla mai maɓalli a Amurka ya yi ƙarfi, kuma da shi zanen ƙarfe ya sami fili. Lokacin da abin ya kai ƙololuwa shi ne bayan yaƙin neman 'yanci ya ƙare a 1783, har zuwa wajen 1820. Bayanin da aka saba bayarwa, kuma na yarda da shi, shi ne yaƙi ya horar da maƙera masu yawa, da ya ƙare sai ciniki ya ja baya, kowa ya koma neman abin da zai sa mai saye ya tsallake ƙofar maƙwabci ya zo tasa. Salon da suka ɗauka shi ne Rokoko na Faransa, mai lanƙwashe-lanƙwashe masu siffar harafin C da S da ganyaye. A Turai an riga an yi watsi da shi a lokacin, amma a ƙauyukan Pennsylvania da Maryland da Virginia ya ƙara rayuwa ta shekaru da dama.

A ƙasar Hausa mun raba maƙeran baƙi da maƙeran fari. A London ma bindiga ɗaya takan bi ta hannun mai bututu, mai ƙota, mai zane, kowa da sana'arsa. Maƙerin ƙauyen Amurka shi ne duka: ya ƙera ƙarfe, ya zuba tagulla, ya sassaƙa katako, ya yanka azurfa. Shi ya sa zanensa bai kai na Turai santsi ba, shi ya sa kuma ake gane hannunsa. Joe Kindig na garin York, wanda ya tara ɗaruruwan waɗannan bindigogi, ya nuna a littafinsa na 1960 cewa kowane yanki da irin nasa, kamar yadda masanin hula ke kallon ɗinki ya ce wannan ta Bama ce. Jacob Dickert da maƙeran Lancaster sukan ƙare kan murfin da siffar fure. John Philip Beck na Lebanon yakan rubuta haruffan INRI na addininsa a ƙasan bututu, inda mai bindigar ba zai gani ba sai ya kwance ta. John Armstrong na Emmitsburg a Maryland, wanda da yawa ke ɗauka babu kamarsa wajen tsabtar yanka, ya shahara da mikiya ta azurfa a wurin da kunci ke kwanciya. Wasu tauraro mai tsini takwas suke sawa a nan, wasu jinjirin wata. A duwatsun Tennessee kuwa, inda kuɗi ba su da yawa, baƙin ƙarfe zalla ake sa wa bindiga, sau da yawa babu zane ko ɗaya.

Yadda ake aikin zanen da kurfi da guduma bai sauya ba. Kurfin ɗan sandan ƙarfe ne mai kusurwa huɗu da aka wasa bakinsa ya yi tsini. Mai zane yakan shafa wa tagulla wani abu fari, ya zana da fensir, ya kafa bakin kurfi a kan layi, ya riƙa ƙwanƙwasa gindinsa da 'yar guduma mara nauyi, yana zagaya aikin da jikinsa maimakon ya juya hannu. Wani siririn zare na tagulla yana naɗewa a gaban kurfin yana faɗuwa. In ya ɗan kwantar da kurfin gefe, layin ya yi faɗi. In ya miƙar da shi, ya sirance, kuma wannan kumburi da sirancewa su ne ran ganyen. Daga nan sai gajerun layuka na inuwa, a jere kamar gashi. A bakin murfi akan yi wani ado ta hanyar girgiza kurfi mai faɗin baki hagu da dama yana tafiya, ya bar sawu mai zigzag. Duba da madubin ƙara girma zai nuna ɗan tabon kowane bugun guduma a cikin lanƙwasa. In bakin kurfi ya dakushe, zamewa yake yi ya ja tsagi a inda ba a so, kuma ƙarfen da aka yanke ba ya komawa.

Bindiga mai harsashin zamani ta kashe kasuwar bayan 1860, sana'ar ta rage a hannun tsirarun tsofaffi a duwatsu, irin su Hacker Martin na Tennessee. A 1933 aka kafa ƙungiyar masu harbi da bindigar ɗuri ta ƙasa, wadda ke taruwa a Friendship ta jihar Indiana. Shirin talabijin na Davy Crockett na kamfanin Disney ya tayar da sha'awa a tsakiyar shekarun 1950, daidai lokacin da Turner Kirkland ya buɗe Dixie Gun Works yana sayar da kayan haɗi ta gidan waya. Fim ɗin 1969 da ya nuna Wallace Gusler yana ƙera bindiga daga ɗanyen ƙarfe a Williamsburg ya jawo matasa da yawa cikin sana'ar. Kamfanoni irin su CVA da Thompson/Center suka cika kasuwa da kayan haɗa-da-kanka masu araha a shekarun 1970. Na yau, irin na Jim Kibler a Ohio, injin da kwamfuta ke sarrafawa ne ke fafe ƙotar, har ƙarfe yana shiga mazauninsa kusan ba gyara.

To, abin da mai tambayarmu ya gani ke nan. Inji ya gama aikin da a da ke cin watanni, ya bar wa mai saye tagulla fili. Yanzu akwai kurfi mai aiki da iska wanda ke yanka layi sumul ba tabon guduma, kuma masu shi sukan cika murfi da zane mai yawan gaske irin na bindigogin attajiran London. Gwaninta ce, ban musa ba, amma a jikin wannan bindiga bai dace ba, don Beck da Dickert layuka kaɗan suke yankawa su bar sauran tagullar ta huta. Akwai kuma haɗarin da masu tara kayan tarihi suka daɗe suna kuka da shi. Tun da farashin tsofaffin ya tashi a ƙarni na 20, an sami masu ɗaukar tsohuwar bindiga mara ado su ƙara mata zane da azurfa, su sayar da sunan wani mashahurin maƙeri. Saboda haka ne maƙeran yau masu mutunci suke yanka sunansu a saman bututu, wasu har da shekara, ko da kuwa kayan daga kwali suka fito.