Kiran Mai Tsaro a Tsakar Dare

Ya kai mai karatu, da a ce ka shiga majami'ar mabiya Luta a ƙasar Jamus shekaru 300 da suka wuce, ba za ka buɗe baki da waƙa ba sai mai kaɗa ogan, wato babban kayan kiɗan nan mai bututai, ya share fage. Aikinsa shi ne ya tuna wa jama'a karin waƙar da za su rera. A hankali makaɗa suka mai da wannan share fagen wa'azi marar kalmomi. Wasu ma sun wuce gona da iri: a 1706 shugabannin ikkilisiyar Arnishtat sun tsawata wa saurayi Yohan Sebastiyan Bak don ƙawar da yake wa kari tana rikita masu sujada.

Ka dubi waƙar da ake kira Wachet auf, wato Ku Farka. Fasto Filib Nikolai ne ya wallafa ta a 1599, bayan annoba ta kashe fiye da mutum 1,000 a garin Unna, inda yake kiwon tumakin Ubangiji. Mutumin da ya gaji da jana'iza bai rubuta makoki ba. Ya koma ga Matiyu 25, ga budurwai goma da fitilunsu, ya mai da mutuwa daren zuwan ango.

A 1731 Bak ya gina waƙar sujada a kan wannan kari a Laifzik, daga baya ya ɗauko sashe ɗaya ya mayar wa ogan, aka buga shi wajen 1748. Hannun dama yakan fara da wani kari mai sauƙi, kamar na masu tafiya biki. Ƙafafu suna takawa a ƙasa, sannu sannu. Kai da ka san waƙar, sai ka yi ta jira. Can sai hannun hagu ya shigo da karin Nikolai, layi ɗaya, ya yi shiru, ya sake dawowa, hannun dama kuwa bai fasa harkarsa ba. A ganina Bak ya fahimci misalin sarai, gama kiran yakan zo ne duniya tana tsakiyar sha'aninta.

Lahadin da ake karanta wannan misali a wancan tsari takan zo ne kawai in Ista ta faɗo da wuri. Cikin shekaru 27 da Bak ya yi a Laifzik, sau biyu ta zo masa.