Tarihin Littattafan Soyayya na Kirista a Ingila da Amurka

A ƙasashen da a ke magana da Turanci, musamman Amurka da Kanada, akwai wani reshe na ƙagaggun labarai wanda a ke kira labaran soyayya na Kirista. Galibin masu rubuta su mata ne, masu karanta su ma haka, mabiya ɗarikun Furotesta waɗanda suka kafa addininsu a kan karatun Littafi Mai Tsarki da tuba. Kowane littafi labarin mace da namiji ne waɗanda suka so juna, suka sha wuya, daga bisani suka yi aure. Amma ba a ɗaura auren sai kowannensu ya daidaita tsakaninsa da Ubangijinsa. Wanda bai san tarihin abin ba sai ya zaci tun fil azal addini da hikayar soyayya suna shan inuwa ɗaya. Alhali kuwa an yi shekara fiye da ɗari biyu ana gardama kafin su shirya, kuma gardamar nan ita ce ta sassaƙa siffar da littattafan su ke da ita.

Asalin gardama

A ƙarni na goma sha takwas da na goma sha tara, masu wa'azi da yawa a Ingila da Amurka suna ƙyamar ƙagaggen labari, bisa hujja uku. Ta fari, ƙarya ce, tun da ya ke abin da bai auku ba a ke faɗi. Ta biyu, ɓata lokaci ne wanda ya kamata a ba ibada da aikin gida. Ta uku, wadda ta fi damunsu, suna tsoron kada labarin soyayya ya motsa zuciyar budurwa ta raina zaman gidan ubanta, ko matar aure ta raina mijinta. Saboda haka duk wanda ya ke so mutanen kirki su karanta labarinsa, tilas ya nuna cewa daɗin da ke ciki yana bauta wa wani darasi ne.

Wanda ya fara gwada wannan hanya har ta karɓu shi ne Samuel Richardson, wani mai maɗaba'a a birnin Landan. A shekara ta 1740 ya fitar da Pamela, labarin wata yarinya baiwar Allah mai aikatau a gidan wani attajiri. Maigidan ya neme ta da lalata, ta ƙi. Ya yi lallashi, ya yi barazana, har ya tsare ta, ba ta sallama ba. A ƙarshe halinta ya rinjaye shi, ya aure ta. Littafin ya samu kasuwa ƙwarai, amma bai tsira daga suka ba, don shekara na zagayowa Henry Fielding ya rubuta Shamela yana yi masa ba'a, yana nuna wai tsare kan da yarinyar ta yi dabarar neman miji mai kuɗi ce kurum. Wannan zargi, na cewa an mai da kirki abin ciniki, ya bi irin littattafan nan har zuwa yau.

A 1847 Charlotte Brontë, 'yar wani limamin coci a arewacin Ingila, ta amsa zargin da labarin Jane Eyre. Ran ɗaurin aure Jane ta gane ashe angon yana da mata a raye. Da ya ke addininsu bai yarda da mace biyu ba, sai ta fita daga gidan ba ta da ko abin sayen abinci, ga shi kuwa tana son sa kamar ranta. Ba ta komo ba sai bayan matar ta rasu, shi kuma gobara ta cinye gidansa, ta makantar da shi. A nan ba wanda zai ce ribar duniya ta bi. Daga wannan littafi marubutan baya suka koyi cewa mai karatu ba ya gaskata imanin tauraruwa sai ya ga abin da imanin ya ci mata.

Matan Amurka da alƙalaminsu

Can a Amurka kuwa, sau da yawa talauci ne ya sa mata ɗaukar alƙalami. Susan Warner, wadda dukiyar ubanta ta rushe a karayar tattalin arziki ta 1837, ta rubuta The Wide, Wide World a 1850, labarin wata yarinya da aka raba da uwarta, ta koyi haƙuri da dogara ga Allah a hannun baƙi. A 1866 Augusta Jane Evans ta fitar da St. Elmo, inda marainiya Edna ta ƙi auren wani attajiri fajiri sai da ya tuba, har ya zama limamin coci. Duka biyu sun shiga gidaje masu yawan gaske, har gidajen da dā ba a yarda a shigo da littafin hikaya ba.

Amma wadda ta kafa ƙa'idar abin sosai ita ce Grace Livingston Hill, wadda aka haifa a 1865 a jihar New York, ubanta fasto, mijinta ma fasto. Mijin ya rasu a 1899 ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, sai ta mai da rubutu sana'ar ciyar da gida. Kafin rasuwarta a 1947 ta rubuta littafi fiye da ɗari. Tsarinta kusan ɗaya ne kullum: yarinya mai tsoron Allah ta faɗa cikin ƙunci, ta ƙi hanyar banza ko da ya ke ita ce mai sauƙi, sa'an nan Allah ya haɗa ta da miji nagari. Masu nazarin adabi sun raina littattafanta, suna cewa wanda ya karanta ɗaya ya karanta duka. Masu sayen su kuwa abin da ya ja su ke nan, domin sun san ba za a kunyata su a tsakiyar labari ba, ba kuma za a bar su da baƙin ciki a ƙarshensa ba.

Bayanta sai Catherine Marshall, wadda a 1967 ta rubuta Christy bisa tarihin mahaifiyarta, da ta tafi koyar da 'ya'yan talakawa a duwatsun jihar Tennessee tana budurwa. Da sunan wannan littafi aka kira lambar yabon da aka fara ba marubutan ƙagaggun labaran Kirista a shekara ta 2000.

Rabuwar hanya

In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. A 1972 Kathleen Woodiwiss ta fitar da The Flame and the Flower, wanda ya bayyana sha'anin ɗakin kwana filla-filla, kuma da masu maɗaba'a suka ga irin cinikin da ya yi, sai suka bi sahunsa. Matan da ke son labarin soyayya amma ba su iya karanta irin wannan ba, suka rasa na saye. A cikin wannan hali ne wata matar fasto 'yar Kanada, Janette Oke, ta kai labarinta ga kamfanin Bethany da ke jihar Minnesota, wanda aka sani da littattafan koyar da addini. Aka buga shi a 1979 da suna Love Comes Softly, watau so yana zuwa a hankali.

Labarin na zamanin da Turawa su ke ƙaura zuwa yammacin Amurka da keken doki ne. Marty, yarinya mai ciki, mijinta ya mutu a hanya. Wani manomi, Clark, wanda matarsa ta rasu ta bar masa 'yar ƙarama, ya ce ta aure shi don ta rene ta, shi kuma ya ba ta matsuguni, in sanyi ya wuce ya biya mata kuɗin komawa gida in tana so. Auren ya riga soyayya, kuma abin da ya juyo da zuciyarta shi ne ganin haƙurin mutumin da yadda ya ke addu'a. Littafin ya haifi waɗansu bakwai a bayansa, aka kuma mai da shi fim a 2003. Daga nan kantunan littattafan addini suka buɗe wa hikaya kanta ta musamman.

A 1991 Francine Rivers, wadda dā ta yi suna da rubuta labaran soyayya na duniya kafin ta tuba, ta faɗaɗa iyakar da Redeeming Love. Ta ɗauko ƙissar Annabi Hosiya, wanda Littafi Mai Tsarki ya ce an umurce shi ya auri mazinaciya, ta dasa ta a California zamanin haƙar zinariya. Tauraruwar an sayar da ita ga karuwanci tun tana yarinya, kuma bayan aurenta ta yi ta gudu, mijin yana haƙuri da ita. Sa'ad da wata maɗaba'ar Kirista ta sake buga shi a 1997, sai da aka sassauta waɗansu kalmomi, aka kuma ƙara bayyana tubar matar. Wannan ya nuna cewa tsohuwar gardama ba ta mutu ba. Ta koma ɗakin editoci ne kawai.

Rassa uku

Shekarar 1997 ta zo da abu biyu. Kamfanin Harlequin, wanda ya fi kowa cinikin labaran soyayya, ya buɗe sashe mai suna Love Inspired domin masu karatu Kirista, da sharaɗin ba ashar, ba kwanciya kafin aure. Beverly Lewis kuma ta fitar da The Shunning, wanda ya buɗe reshen labaran Amish, watau wata jama'a a jihar Pennsylvania da waɗansu jihohi waɗanda ba su jan wutar lantarki zuwa gidajensu, suna tafiya da keken doki. Yawancin masu karanta waɗannan ba Amish ba ne; mutanen birni ne masu marmarin zaman da babu hayaniya.

Reshe na biyu shi ne soyayya mai haɗe da fargaba, inda a ke farautar mai kisa ko a ke gudun sa. Dee Henderson ta shahara da shi tun daga 1999, da labaran marayu bakwai waɗanda suka haɗu a gidan marayu, suka zaɓi suna ɗaya, O'Malley, suka girma suka zama ɗan sanda, da likita, da mai kashe gobara, da makamantansu. Amfanin haɗari a nan shi ne, yana tilasta wa mutum ya yi tambayar da ya ke gudu: me ya sa Allah mai jinƙai ya bar mugunta? A 2005 Harlequin ya buɗe wa wannan reshe sashensa.

Na uku shi ne sake saƙa tatsuniyoyin Turai, irin waɗanda Charles Perrault ya buga a Faransa a 1697 da waɗanda 'yan'uwa Grimm suka tara a Jamus a 1812. Wahalar a nan ita ce tatsuniya cike ta ke da tsafi, masu karatun kuwa suna ƙyamarsa. Dubi yadda Melanie Dickerson ta yi a The Merchant's Daughter na 2011, wanda ta gina a kan tatsuniyar kyakkyawa da dodo. Dodon nata mutum ne, mai mulkin wani ƙauye a Ingila, wanda kyarkeci ya ɓata wa fuska. Yarinyar kuwa baranyarsa ce mai ƙishin karanta Littafi Mai Tsarki, shi ya mallaki ɗaya, ta riƙa karanta masa da dare. Fuskarsa ba ta sake ba har ƙarshe; halinsa ne ya sake. Inda tatsuniya ta sa sihiri, ita ta sa tuba.

Daɗin karatu da abin suka

A 2006 wata malamar jami'a, Lynn Neal, ta buga Romancing God bayan ta yi hira da masu karatu da marubuta. Abin da ta samu shi ne matan nan suna karatu domin hutawa daga ɗawainiyar gida, suna kuma ɗaukarsa abin ƙarfafa imani, ba su ganin saɓani tsakanin biyun. Sanin ƙarshen labari ba ya rage musu daɗi, domin a wurinsu kyakkyawan ƙarshe shaida ce ta abin da suka gaskata, cewa Allah ba ya manta da bawansa. Abin da su ke jira su gani shi ne ta wace hanya za a kai.

Masu suka kuwa ba su rasa hujja ba. Suna cewa littattafan suna koya wa 'yan mata cewa ladan biyayya miji ne, alhali akwai masu ibada da yawa da ba su sami aure ba, ko suka sami mugun miji. Suna cewa labari irin Redeeming Love yana iya sa mace ta ɗauki mijinta a matsayin mai cetonta. Sun kuma lura cewa shekara da shekaru kusan dukan taurarin farar fata ne, ko da ya ke majami'un baƙaƙen Amurka cike su ke da masu karatu. Sai a baya-bayan nan manyan maɗaba'u suka ƙara buɗe ƙofa ga marubuta irin su Toni Shiloh.

Kantunan da suka raini wannan adabi sun ragu: Family Christian ya rufe dukan kantunansa a 2017, LifeWay kuma a 2019. Ciniki ya koma intanet, inda marubuciya ta ke iya buga littafinta ba tare da edita ya tsaya mata a ƙofa ba. Saboda haka aikin da mai wa'azi ya yi a zamanin Richardson, edita ya gāda a zamanin Oke da Rivers, yanzu ya faɗa hannun mai karatu: ita ce ke yanke iyakar abin da hikaya za ta nuna ta kuma ci gaba da amsa sunan Kirista.