Harafi da Adadi: Daga Hisabin Katsina Zuwa Harshen Kwamfuta

Tun kafin zuwan boko, malaman Katsina sun san cewa harafi kan sa rigar lamba. A ƙa'idar abajada, alif ɗaya ne, ba biyu, jim uku, haka har zuwa dubu. Da wannan hisabi ake cika gidajen hatimi, da shi kuma mawallafan waƙoƙin ajami ke ɓoye shekarar da suka kammala waƙa cikin kalma guda, wato ramzi.

Gwanin wannan fanni shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi. Ya bar Katsina zuwa aikin Hajji, ya rubuta littafi a kan hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren masanin tarihin Misra.

Sai dai abajada iri biyu ce. Ƙasar Hausa ta gaji lissafin Magrib, inda shin ke nufin 1000, alhali a Gabas 300 ne. Ɗauki kalmar sharaf, mai haruffa shin, ra da fa. A lissafinmu ta ba da 1280, a na Gabas kuwa 580. Kalma ɗaya, tazarar shekara 700! Malami bai ruɗewa, domin ya san ƙasar da takarda ta fito da al'adar marubucinta.

A 1995 Brendan Eich ya ƙirƙiro harshen JavaScript a kamfanin Netscape na Amurka, ya bar wa na'ura ikon juya rubutu ya koma lamba, ko lamba ta koma rubutu, ba tare da an umarce ta ba. Idan aka rubuta “5” a matsayin rubutu aka ɗebe 3, sai ta ba da 2. Idan aka ce a ƙara 3, sai ta manna su ta ba da “53”. Ƙa'ida take bi, amma ba ta san nufin marubuci ba.

Yau da ake mayar da tsofaffin littattafanmu cikin kwamfuta, darasin a fili yake. Duk wanda ya bar na'ura ta lissafa ramzin Katsina da ma'aunin Gabas, zai mayar da malamin ƙarni na 19 tsaran Salahuddini. Kafin a juya harafi zuwa adadi, wajibi ne a fara tantance abajadar da marubucin ya karanta.