Lambar Croix de Guerre ta Faransa da Baƙin da Aka Rataya wa Ita

Gabatarwa

Yabon gwani ya zama dole, kuma kowace al'umma da ta san yaƙi tana da hanyar da take yaba wa jaruminta. A ƙasar Hausa ta dauri, sarki kan ba barden da ya yi fice riga da doki, wani lokaci har da sarauta, makaɗa kuma su yi masa kirari. Yabon da ladan tafe suke tare. A Turai al'adar ta rikiɗe ta koma ɗan ƙarfe da ƙyalle da ake maƙala wa soja a ƙirji. Wannan maƙala ta dubi ɗaya daga cikin irin waɗannan lambobi, wato Croix de Guerre ta Faransa, wadda ma'anar sunanta shi ne gicciyen yaƙi, da yadda ta kasance ga baƙi iri biyu da suka yi yaƙi a ƙarƙashin tutar Faransa: baƙaƙen fatar Amurka da sojojin Afirka ta Yamma.

Asalin Lambar

Lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Faransa tana da manyan lambobi biyu: Légion d'honneur da Napoleon ya kafa a 1802, da Médaille militaire ta 1852. Ban da su, abin da ake yi wa sojan da ya nuna bajinta shi ne a ambaci sunansa a cikin sanarwar runduna. Ambaton a takarda yake tsayawa, babu alamar da za a gani a jikin mai shi. Ɗan majalisa Émile Driant, wanda hafsan soja ne, yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata sai an samar da alamar. Majalisa ta amince, dokar ta fito ranar 8 ga Afrilu, 1915. Shi kansa Driant bai daɗe ba, domin an kashe shi a Fabrairun 1916, a kwanakin farko na gumurzun Verdun.

Masassaƙi Paul-Albert Bartholomé ne ya zana siffarta: gicciyen tagulla mai rassa huɗu, da takubba biyu a gitte, a rataye da koren ƙyalle mai jajayen ratsi. Darajar lambar a jikin ƙyallen ake karanta ta. Wanda aka ambata a matakin ƙaramar runduna tauraron tagulla ake maƙala masa, na sama da shi tauraron azurfa, sai mai ruwan zinariya. Wanda aka ambata a matakin babbar runduna gaba ɗaya shi ke samun ganyen dabino, mafi girman daraja. Abubuwa biyu game da ita suna da muhimmanci ga wannan bayani. Ana iya ba da ita ga sojan ƙasar waje da ke kawance da Faransa, kuma babu wani kuɗi da ke biye da ita.

Baƙaƙen Fatar Amurka

Amurka ta shiga yaƙin a Afrilun 1917 da rundunar da ke ware fari daban, baƙi daban. Galibin baƙaƙen sojojinta aikin dako da haƙa aka sa su. Runduna ta 369, wadda aka tara daga birnin New York, ita ma da aikin ƙarfi ta fara. Da Faransa ta matsu da neman mayaƙa a 1918, sai shugabannin sojan Amurka suka miƙa mata wannan runduna, aka ba su bindigogi da hulunan kwano na Faransa. Sun yi kwana 191 a bakin daga, kuma Faransa ta ba rundunar baki ɗaya wannan lamba, ta kuma ba mutum 171 daga cikinsu ɗaiɗaiku.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Henry Johnson, ɗan dako a tashar jirgin ƙasa ta Albany kafin yaƙi. A tsakiyar watan Mayun 1918, cikin dare, yana gadi tare da Needham Roberts a yankin dajin Argonne, sai ayarin Jamusawa ya auka musu. Roberts ya ji mummunan rauni, maharan suka nemi tafiya da shi. Johnson ya tare su da gurneti da gindin bindiga da wuƙa har suka ja da baya, shi ma jikinsa duk raunuka. Faransa ta ba shi Croix de Guerre mai ganyen dabino. Ƙasarsa kuwa ba ta ba shi lambar jarunta ba har ya rasu cikin talauci a 1929. Sai a 1996 aka ba shi lambar waɗanda suka ji rauni a yaƙi, sannan a ranar 2 ga Yuni, 2015, Shugaba Barack Obama ya ba shi lambar jarunta mafi girma ta Amurka, shekara 97 bayan wancan dare.

Daga wannan labari mai karatu zai iya ɗaukar Faransa a matsayin ƙasar da ba ta duba launin fata wajen sakayya. Tarihin sojojinta na Afirka ya nuna cewa maganar ba ta kai nan ba.

Sojojin Afirka ta Yamma

Gwamna Louis Faidherbe ne ya kafa rundunar Tirailleurs Sénégalais a 1857. Sunan na Senegal ne, amma daga baya an riƙa ɗibar mutanen daga duk yankin da Faransa ta mallaka, har da ƙasashen da a yau ake kira Mali da Gine da Burkina Faso da Benin da Nijar. Da yawa ba da son ransu suka tafi ba, domin sarakuna da hakimai ake ɗora wa adadin samarin da za su kawo. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an ɗebi kusan mutum 200,000, kimanin 30,000 ba su dawo ba. Bataliyarsu ta 43 tana cikin waɗanda suka ƙwato ganuwar Douaumont a Verdun ranar 24 ga Oktoba, 1916, kuma an yi musu mummunar ɓarna a harin Chemin des Dames na Afrilun 1917.

An rataya wa da yawa daga cikinsu Croix de Guerre, iri ɗaya da ta Bafaranshe, babu bambanci a ƙarfe ko a ƙyalle. Bambancin yana jiran su a gida. In ban da haifaffun garuruwa huɗu na Senegal, sauran duk talakawan mulkin mallaka ne a idon doka, ba ƴan ƙasa ba. Dokar da ta ba jami'in mulki damar ɗaure talaka ba tare da shari'a ba, da aikin tilas, ba a soke su ba sai a 1946.

A Yaƙin Duniya na Biyu an sake ƙirƙiro lambar a 1939, aka sake ɗibar mutane. A ranar 1 ga Disamba, 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamus sun nemi a biya su bashin albashinsu, sai aka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu. A 2014 Shugaba François Hollande ya ambaci 70, masana tarihi da dama kuma suna ganin adadin ya zarce haka nesa. Sai a 2024 Shugaba Emmanuel Macron ya kira abin da sunan kisan kiyashi.

Bayan haka sai batun fansho. A ƙarshen 1959, ana jajibirin samun ƴancin kai, majalisar Faransa ta daskarar da fanshon ƴan mazan jiya na ƙasashen da ke shirin ɓallewa. Na Bafaranshe ya ci gaba da ƙaruwa da tsadar rayuwa, na abokin yaƙinsa da ke Zinder ko Bamako ya tsaya cak. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ba shi gaskiya a Nuwambar 2001, bayan ya riga ya rasu. Fim ɗin Indigènes na 2006 ya sake tayar da maganar, sannan hukuncin majalisar tsarin mulki na 28 ga Mayu, 2010, ya tilasta daidaita kuɗin daga farkon 2011. Kafin lokacin yawancin masu haƙƙin sun kwanta dama.

Kammalawa

Faransa ta ga jaruntakar Henry Johnson tun da wuri, domin yaba wa baƙon da zai koma ƙasarsu bai ɗora mata wani nauyi ba. Mutanen Afirka kuwa nata ne, yabonsu na gaskiya yana nufin albashi da fansho da matsayi a gaban doka, kuma a nan ne ta yi nawa. Amurka ma haka ta yi da nata. Ɗalibin tarihi da ya ga lamba a ƙirjin tsohon soja a hoto, ya kamata ya nemi sanin abin da aka biya mai ita da kuma lokacin da aka biya.

A 1998, domin cikar shekara 80 da ƙarewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Faransa ta yanke shawarar ba duk wanda ya rage daga mayaƙanta da na ƙawayenta lambar Légion d'honneur. A Senegal an sami Abdoulaye Ndiaye a ƙauyen Thiowor, yana da shekara 104, wanda ake ɗauka shi ne na ƙarshe a cikin sojojin Afirka ta Yamma na wancan yaƙi. An sa bikin ranar 11 ga Nuwamba. Ya rasu ranar 10 ga wata.