Tarihin Ƙananan Ma'amaloli da Kama Kuskure a Rumbun Bayanai

Ƙaramar ma'amala wani yanki ne na aiki a rumbun bayanai da ake iya sokewa shi kaɗai idan kuskure ya auku, sauran aikin kuma ya ci gaba. Ita babbar ma'amala ƙa'idarta guda ce: ko a kammala duka, ko a koma yadda ake tun farko. Wannan ƙa'ida ce ke tabbatar da cewa in mai POS a Tudun Wada ya tura kuɗi tsakanin asusu biyu na banki ɗaya, ba za a cire nan a kasa sakawa can ba.

Asali

Jim Gray da abokan aikinsa a kamfanin IBM sun aza harsashin ma'amala a shekarun 1970, lokacin da suke gina rumbun bayanai na System R. A 1981 Eliot Moss ya yi digirin digirgir a MIT kan yadda ma'amala za ta zauna cikin wata.

A PostgreSQL

Jan Wieck ya rubuta harshen PL/pgSQL, wanda ya fito a 1998. A wancan zamani kuskure ɗaya ya isa ya rushe ma'amala ɗungurungum. Sai a Janairun 2005, da fitowar PostgreSQL siga ta 8.0, aka samu umarnin SAVEPOINT da sashen EXCEPTION. Duk sanda aiki ya shiga ɓangaren da ke da wannan sashe, rumbun kan buɗe ƙaramar ma'amala a ɓoye. In an yi kuskure, ita kaɗai ake sokewa.

A harshen PL/Python kuwa akwai wata matsalar. Idan umarnin cire kuɗi ya yi nasara, na sakawa ya faɗi, mai manhaja kuma ya kama kuskuren, cirewar tana nan daram. Siga ta 9.1 a 2011 ta ba da damar ɗaure umarnan biyu cikin ƙaramar ma'amala guda. PL/Tcl ya samu irin wannan dama a 2017.

Tsada

Abin ba kyauta ba ne. Kowace ƙaramar ma'amala da ta yi rubutu tana cin lambarta, kuma in suka haura 64 cikin ma'amala ɗaya, dole rumbun ya riƙa leƙa pg_subtrans, ma'ajiyar bayanan ƙananan ma'amaloli, aiki ya yi nauyi. Shi ya sa ake shawartar masu manhaja kada su sa EXCEPTION sai inda akwai buƙata.