Gidan Ɗantata: Yadda Gado Ya Bi Ta Hannun Mata

Uwargida, ko kina Narayi ko Barnawa, ajiye tsintsiyar nan ki ba ni aron kunnenki. Yau tarihin gadon wani gida a Kano za mu duba.

Wajen 1885 wani madugu mai suna Abdullahi ya rasu a Bebeji, ya bar 'ya'ya ƙanana. Aka raba dukiyarsa bisa shari'a. Matarsa Amarya, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Ankara ta ƙasar Gana, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwa, Tata. Tata ce ta riƙe Alhassan, ta koya masa tattali, har sunanta ya bi shi: Ɗantata.

Alhassan ya fara da fataucin goro zuwa Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, sai ya shiga sayen gyaɗa, Allah ya buɗa masa. A 1929 ya kai raƙumi ashirin na kuɗin azurfa banki.

To, ga inda darasin yake. Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, sai ya tara 'ya'yansa, ya yi musu wasiyya su zauna tare, kada su bari kasuwancin ya watse. An binne shi a gidansa na unguwar Sarari. An raba gado, amma kamfanin ya ci gaba, Ahmadu ya riƙe, bayan rasuwarsa a 1960 Aminu ya karɓa. Shi kuma Alhaji Aminu ya rasu a 2025, aka binne shi a Madina.

Ɗaya ɗan, Sanusi, shi ne mahaifin Hajiya Mariya. Da mijinta ya rasu a 1965, a gidan Sanusi ɗanta maraya ya tashi. Yaron nan shi ne Aliko Ɗangote.

Kin gani, 'yar'uwa, sunan gidan ma na mace ne. Don haka in an zo rabon gona ko gida, kada kunya ta sa ki bar kasonki. Haƙƙinki ne, kuma na 'ya'yanki ne gobe. A raba gaban shaidu, a rubuta, sannan a riƙe zumunci. Tsintsiya maɗaurinki ɗaya.

Sai wani mako, in Allah ya kai mu.