Wayar tarho ta girke a ƙasashen duniya da matsayin Nijeriya a cikinsu

Wayar tarho ta girke ita ce wayar da ake kafawa a wuri guda, a gida ko ofis ko shago, a haɗa ta da cibiyar sadarwa ta hanyar kebul da aka ja bisa turaku ko aka binne a ƙasa. Wasu na ce mata wayar tebur. Fiye da shekara 100 ita ce ginshiƙin sadarwar murya a duniya, kafin wayar salula ta karɓe ragamar. Duk da haka har yanzu akwai ɗaruruwan miliyoyin layukanta da ke aiki, kuma yadda suka rarrabu a tsakanin ƙasashe yana bayyana dalilin da ya sa intanet mai ƙarfi ya isa gidajen wasu al'ummomi da wuri, yayin da garuruwa irin su Keana ta Jihar Nasarawa suke jiran isowarsa.

Asali da yadda take aiki

A ranar 7 ga Maris, 1876 ne Alexander Graham Bell ya sami takardar mallakar fasahar tarho a Amurka. A watan Janairun 1878 aka buɗe cibiyar haɗa kira ta kasuwanci ta farko a birnin New Haven, inda ma'aikaci ke haɗa mai kira da wanda ake kira da hannunsa. A 1891 Almon Strowger ya yi rajistar na'urar da ke haɗa kira da kanta, wadda ta share fagen buga lamba kai tsaye.

A tsohon tsari, siraran wayoyi biyu na jan ƙarfe ne ke tasowa daga cibiya zuwa kowane gida. Cibiyar ce ke tura wutar da wayar ke buƙata, kimanin bolt 48, daga manyan batura da ke ajiye a can. Wannan ne ya sa wayar girke ta asali take aiki ko da an ɗauke wuta a unguwa. Haka kuma, da yake kowace lamba tana da adireshin da aka san ta da shi, jami'an agajin gaggawa na iya gane gidan da kira ya fito. Illarta kuwa ita ce tsada, domin dole a ja waya ta musamman zuwa kowane mai buƙata. A birni mai cunkoso kuɗin yakan fita, amma a ƙauyuka masu nisa da juna kamfani yakan kashe abin da ba zai mayar ba cikin shekaru masu yawa.

Halin da ake ciki a duniya

Alƙaluman Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, sun nuna cewa a 2002 ne yawan layukan salula ya zarce na wayar girke a duniya. Layukan girke sun ci gaba da ƙaruwa na 'yan shekaru, har suka kai ƙololuwarsu ta kusan biliyan 1.3 a wajajen 2006, wato layi 19 ga kowane mutum 100. Daga nan suka shiga raguwa, kuma a farkon shekarun 2020 sun faɗo ƙasa da miliyan 900, kimanin layi 11 ga mutum 100.

Ƙasar Sin ce ta fi kowa yawan layuka. Ta haura miliyan 360 a 2006, sannan adadin ya ragu da kusan rabi. A Amurka, binciken da hukumar kula da cututtuka ta ƙasar ke yi a kai a kai ya gano cewa a ƙarshen 2016 ne, karo na farko, fiye da rabin gidaje suka dogara ga salula kaɗai. Zuwa 2022, fiye da kashi 70 cikin 100 na baligai suna zaune ne a gidajen da babu wayar girke.

A yammacin Turai da gabashin Asiya lamarin ya bambanta. Faransa tana da fiye da layi 50 ga mutum 100, Jamus da Japan kuma suna da fiye da 40. Babban dalili shi ne kamfanoni suna sayar da lambar girke haɗe da intanet na gida, wani lokaci har da tashoshin talabijin, a kan kuɗi guda na wata. A Indiya kuwa adadin bai wuce layi 2 zuwa 3 ga mutum 100 ba, sai dai ya fara hawa bayan 2020 saboda yaɗuwar kebul na faiba, har kamfanin Jio ya wuce kamfanin gwamnati na BSNL a yawan layukan girke a 2022.

Afirka kudu da Sahara ce ke ƙarshe, da ƙasa da layi ɗaya ga mutum 100. Tsibirin Moris ya fita daban, da fiye da layi 30 ga mutum 100. A Afirka ta Kudu kamfanin Telkom ya kai kusan layi miliyan 5.5 a 2000, amma yanzu bai kai miliyan ɗaya ba. A arewacin nahiyar, Masar tana da fiye da layi miliyan 10. A maƙwabciyarmu Nijar, tsohon kamfanin wayar girke na SONITEL an haɗe shi da kamfanin salula na SahelCom a 2016, aka samar da Niger Telecom.

Ritayar wayar jan ƙarfe

Ko a ƙasashen da lambobin girke ke da yawa, tsohuwar fasahar tana kan hanyar fita. Kamfanin Orange na Faransa ya daina sayar da sababbin layuka na tsohon tsari a watan Nuwamban 2018, kuma ya tsara rufe dukkan wayoyinsa na jan ƙarfe nan da 2030. A Birtaniya, kamfanin BT ya sa ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin kashe tsohon tsarin, daga baya ya ɗage zuwa Janairun 2027. Cikin abubuwan da suka jawo ɗagewar akwai fargabar halin da tsofaffi da marasa lafiya za su shiga, domin da yawansu na amfani da na'urorin neman agaji da ke maƙale da layin gida. Sabon tsarin yana aika murya ne ta intanet, don haka yana buƙatar wutar gidan mai waya. Idan wuta ta ɗauke kuma babu batir na ko-ta-kwana, wayar takan yi shiru.

Tarihinta a Nijeriya

Sadarwar zamani ta shigo Nijeriya a 1886, lokacin da aka haɗa Legas da Landan ta kebul na ƙarƙashin teku domin aika saƙon tangaraho. Zuwa 1893 ofisoshin gwamnatin mulkin mallaka a Legas sun sami tarho, daga baya aka kai shi Ilori da Jebba. Tun farko an shimfiɗa shi ne domin bukatun mulki da fatauci, shi ya sa ya bi layin dogo da manyan cibiyoyin gwamnati. A lokacin samun 'yancin kai a 1960, ƙasar tana da layi 18,724, wato layi ɗaya ga mutum fiye da 2,000.

A 1985 aka haɗa ɓangaren sadarwa na Ma'aikatar Gidan Waya da kamfanin NET mai kula da kiran ƙetare, aka kafa NITEL. Kowane babban gari ya sami lambar yankinsa: Legas 01, Abuja 09, Kano 064, Kaduna 062, Jos 073, Makurdi 044, Lafiya kuma 047. Sai dai zuwa 2001 layukan da ke aiki ba su wuce kimanin 400,000 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 120. Hakan na nufin layi ɗaya ga mutum 300, kuma akasarinsu suna Legas da Abuja da manyan biranen jihohi. Masu neman layi kan yi shekaru suna jira, satar kebul da lalacewarsa lokacin damina kuma sun zama ruwan dare.

A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wadda aka kafa a 1992, ta yi gwanjon lasisin salula a kan dala miliyan 285 kowanne. Econet da MTN sun fara aiki a watan Agustan wannan shekara, Globacom ya biyo baya a 2003. An yi ta yunƙurin sayar da NITEL ba tare da nasara mai ɗorewa ba, ciki har da sayar da shi ga Transcorp a 2006, wanda gwamnati ta soke a 2009. A ƙarshe kamfanin NATCOM ya sayi kadarorinsa a kan dala miliyan 252, ya fara aiki da sunan ntel a 2016. A 'yan shekarun nan layukan girke a ƙasar sun tsaya a kusan 100,000, galibi a bankuna da otal-otal da manyan ofisoshi, alhali layukan salula sun haura miliyan 150. Daga 1 ga Janairu, 2024, NCC ta ƙara 02 a gaban lambobin girke, saboda haka lambar Legas ta koma 0201, ta Abuja 0209, ta Kano 02064.

Abin da wannan ke nufi ga Keana

Keana hedikwatar ƙaramar hukuma ce a kudancin Jihar Nasarawa, jihar da aka ƙirƙiro daga Filato a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Gari ne na al'ummar Alago a ƙarƙashin sarautar Osana, wanda ya yi suna tun zamanin da wajen dafa gishiri, kuma yana da Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya. Da irin rabon da aka ambata na layi ɗaya ga mutum 300, wanda birane suka kwashe kaso mafi tsoka, mafi yawan 'yan Nijeriya mazauna ƙananan garuruwa irin wannan sun fara riƙe waya ne da zuwan salula. Shirin kai tarho karkara da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a farkon shekarun 2000 da rancen ƙasar Sin bai kai ga cika burinsa ba.

Tsallake matakin wayar girke ya kawo sauƙi, domin turken sadarwa guda yana iya wadatar da ƙauyuka da dama cikin ɗan lokaci. Amma ya bar giɓi biyu. Na farko, ƙasashen da suka gaji wayoyin jan ƙarfe sun fara kai intanet gidaje ta kansu, sannan suka bi ramuka da turakun da ke akwai suka ja faiba. Nijeriya kuwa sai ta haƙa sababbi, shi ya sa makarantu da asibitoci da sakatariyoyin ƙananan hukumomi da yawa suke dogara ga datar salula. Na biyu, idan sabis ya yanke babu wata hanya ta biyu. An ga haka a Zamfara a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan salula saboda dalilan tsaro, jama'a suka riƙa tafiya maƙwabtan jihohi domin yin kira.

Matakan da ake ɗauka yanzu sun karkata ga faiba. A 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na kebul ɗin, an kuma ƙaddamar da shirin haɗa sakatariyoyin ƙananan hukumomi 774 da intanet. A wannan shekarar ne aka sanya kayayyakin sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa. Kuɗin izinin haƙa gefen titi, wanda aka amince ya zama naira 145 a kan kowace mita, yana cikin abubuwan da ke tsadar da aikin, kuma Nasarawa na cikin jihohin da suka yafe shi. Duk layin girke da zai shiga makaranta ko asibiti a Keana nan gaba, a kan faiba ko ta iska zai zo, kuma zai buƙaci wutar sola ko batir a gefensa kafin a iya dogara da shi a lokacin gaggawa.